CIGIYAR KHAIRUNNISA

Shafi na 14

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Masu biyo ni ta waya suna cewa na cika zafi a kan Gwaggo Kande, wai babba ce, ku karanta wannan shafin ku kai ƙarshe. Sannan ku zo mu yi magana.

*

"Ki ɗan yi kuka mana," in ji Musaddiq.

Na dube shi. Na dubi kyamarar da ya kafa a tsakar gidanmu, daidai gindin darbejiyar da ƙanwata Khairunnisa ke zama tana tilawa kafin ta ɓata.

"In yi me?"

"Kuka. Ko 'yar ƙwalla ce. Malama Amatullah, ƙanwarki ce fa ta ɓata, sama da shekara. Masu kallo in ba su ga hawaye ba wucewa suke yi."

"Su wuce ɗin."

"A kashi na biyu sai da aka yi ta rubuta cewa yayar yarinyar ba ta da imani, idonta a bushe."

"Na gani. Na ga wadda ta ce ma ni na sayar da ita."

Abin da ya fi ci min rai, ni na kira mutanen nan da hannuna. Musaddiq yana da tasha a intanet, daga Kano yake, sana'arsa fim a kan waɗanda aka kashe da waɗanda suka ɓata. Sai da na gama zagayen ofishin 'yan sanda, da gidan rediyo, da tashoshin mota, har ɗakin ajiye gawa na shiga na buɗe fuskar 'yar mutane, sannan na ce bari in gwada su. Baba ya ce bai yarda ba. Na ce to ya kawo min Khairunnisa in fasa. Umma ta yi ta kuka har ya yi shiru.

Abu ɗaya na roƙe su. Su nuna fuskarta, su ce tana da larurar ƙwaƙwalwa, wanda ya gan ta kada ya firgita ta, ya kira mu.

Abin da na samu kuwa, kiɗan tsorata yara, da kukan mujiya, da hoton rijiya. Mu da ko rijiya ba mu da ita a gidan.

"To bar kukan," ya ce. "Mu ɗauki na Raihana. Raihana! Fito!"

Labulen ɗakinmu ya ɗaga.

Wata yarinya ce ta fito, wadda suka ɗauko don ta fito a matsayin ƙanwata. An yamutsa mata gashi, an shafa mata gawayi a kumatu. A wuyanta hijabin makarantar Khairunnisa ne, wanda na ba su aro da safe a goge. Sun yage shi.

Tana fitowa ta ƙyalƙyale da wata irin dariya, tana tsalle, tana jifan kaji da takalmi.

"Tsaya!" na ce.

Ta tsaya cak, takalmi a hannu.

"Wace ce wannan?"

"Khairunnisa mana," in ji Musaddiq. "Lokacin da abin ya motsa."

"Ka taɓa ganinta?"

"A'a, amma ai an san yadda suke yi."

"Su wa?"

Ya sosa ƙeya. "Masu... irin wannan larurar."

"Malam Musaddiq, ƙanwata ba ta taɓa jifan kaza ba. Barci ne ya ƙaurace mata. Magana take yi da sauri har numfashinta ya sarƙe. Sai ta wanke tukunya ɗaya ta sake wankewa har hannunta ya yi fari. Tana cewa ana kiran sunanta daga bayan katanga, ta riƙe ni tana rawar jiki ta ce, 'Yaya, ke ma kin ji ko?' Wannan shi ne ciwonta. Tsoro ne, ba dariya ba."

"Na fahimta wallahi. Amma wankin tukunya ba ya fitowa a kyamara."

"Yagaggen hijabi shi ke fitowa?"

"Za mu saya miki wani."

"Nata za ka saya?"

Raihana ta ajiye takalmin a hankali. "Anti, ki yi haƙuri. Ni abin da aka ce in yi na yi."

"Ba da ke nake ba. Cire shi ki ba ni."

Gwaggo Kande, yayar Baba, tana zaune a kan tabarma a ƙofar kicin tana gyaran zogale. Tun da aka fara fim ɗin nan ta tare a gidanmu, wai ta zo taya Umma zama. Ba ta ɗago ba ta ce:

"Ai ga irinta nan. An ce ki bar wa Allah, kin ce ke kin yi boko. Kin tara mana maza a tsakar gida da wayoyi kamar gidan gyaran rediyo."

"Gwaggo, don Allah."

"Don Annabi ma. Yarinya ta ɓata, an yi cigiya a masallaci, an yi sauka, an yi sadaka. Me ya rage?"

"Ita ta rage."

Na karɓi hijabin ina ninkewa ke nan, aka banko ƙyauren zaure.

Babu sallama.

Talatu ce, matar Ɗantsoho mai acaɓa, maƙwabcinmu na bayan layi. Mayafinta a hannu, ɗankwali ya zame, ƙafarta duk taɓo.

Shi Ɗantsoho shi ne aka ce an ga Khairunnisa a bayan babur ɗinsa ranar da ta ɓata. 'Yan sanda sun tambaye shi tun a lokacin, ya ce a bakin tasha ya sauke ta, Baba da kansa ya je ya ce a sake shi. Maganar ta mutu. Sai da Musaddiq ya zo ya tono ta. Ya tare shi da kyamara a bakin titi, Ɗantsoho ya ce "Allah ya sani," ya ja babur. Suka zagaye fuskarsa da jan layi, suka maimaita kalmar nan da wata murya kamar daga cikin randa.

"Maman Sadiya, lafiya?" na ce.

"Ina fa lafiya! An ƙone babur!"

"Innalillahi. Wane babur?"

"Babur nawa gare mu? Samari suka tare shi a hanyar kasuwa, suka ce ga mai sayar da kawunan yara. Da ƙyar wani mai faci ya tura shi shago ya kulle. Yanzu haka yana Zango gidan ƙaninsa, kai a fashe."

Na juya na kalli Musaddiq.

Wallahi abin da ya yi, hannu ya ɗaga wa mai kyamararsa a ɓoye, alamar ya ci gaba da ɗauka.

"Mu fa ba mu ce shi ne ba," ya ce. "Tambaya kawai muka aza."

"Tambayar uwaka!" in ji Talatu. "Sadiya ta dawo daga Islamiyya tana kuka, an ce ubanta matsafi ne. Mai nama ya ƙi sayar min. Ko gaisuwa aka daina amsa min a layi. Tambaya!"

Gwaggo ta ajiye faranti. "Ke Talatu, kama kanki. Nan gidan mutunci ne."

Talatu ta juya kanta a hankali.

"Hajiya Kande. Daman wajenki na zo."

"Wajena? Ni na ƙone shi?"

"Ki faɗa musu."

"In faɗa musu me?"

"Ki faɗa musu, ko ni in faɗa."

Gwaggo ta janye hannunta. Ta kai shi cikin zogale ta ɓoye.

"Mijinki ya dafa Alƙur'ani," ta ce ƙasa-ƙasa. "Da alwala. Kin san abin da ke bin wanda ya ci rantsuwa."

"Shi ya dafa," in ji Talatu. "Ni ban dafa ba."

 

Na ce, "Wace rantsuwa?"



Na waiga, na ga jan ɗigon kyamara yana nan a kunne. Na fizgi tabarmar salla daga kan igiya na lulluɓa mata.

"Ku fita."

"Malama Amatullah, wannan fa shi ne kashi na uku gaba ɗaya..."

"Ku fita, ko in tara muku samarin da suka ƙone babur in ce kai ne na gaba."

Suka kwashi wayoyinsu. Na raka su har waje, na sa sakata, na dawo.

Umma ta fito daga ɗaki tana dafa bango. Tun ɓatan Khairunnisa ta zama kamar kara, zanenta sau biyu take naɗa shi.

"Maman Sadiya," na ce, "ina jin ki."

Talatu ta share fuska da mayafi.

"Ba ɓata ta yi ba."

Umma ta zauna a ƙasa. Ba a kan tabarma ba, a ƙasa.

"Ranar kina makaranta a Katsina, Umma kuma an tura ta gidan suna. Malam babanki da Hajiya Kande suka kira Baban Sadiya. Ya ɗauki yarinyar zuwa tasha, Hajiya ta biyo su a wani babur ɗin. Suka shiga motar Baure. Akwai wani Malam Hamma a wani ƙauye can gaba, mai ɗaure masu taɓin hankali yana musu rubutu da hayaƙi. Can aka kai ta. Da suka dawo aka sa mijina ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba."

"Ke ya aka yi kika sani?"

"Ni na yi mata wanka kafin su tafi. Ta ƙi yarda da kowa sai ni. An ɗauka mace ce ni, ba sai an rantsar da ni ba, tsoro ma ya isa."

Na juya ga Gwaggo.

"Gaskiya ne?"

Ta gyara zama. Ta ɗaure fuska. Wallahi ko kunya.

"To sai me? Magani aka kai ta."

"Magani."

"Magani mana! Yarinya tana magana da bango, a zuba mata ido?"

"Na ce a kai ta asibiti, Gwaggo! Jinya nake karanta, na gaya muku ciwo ne kamar hawan jini, akwai ƙwayar da za ta sha ta yi barci. Na ce ku jira in dawo hutu in kai ta da kaina."

"A kai ta asibitin mahaukata, a rubuta sunan gidanmu, duk Daura ta ji?"

"Sai kuka zaɓi duk duniya ta ji ta ɓata."

"Ɓata ƙaddara ce, kowa zai tausaya. Hauka kuwa gado ake cewa. Ke kin san yadda ake binciken aure a garin nan? Har kakar kakarki sai an tono. A ce gidan su wane akwai taɓuwa, shi ke nan, ke da ƙannenki da 'ya'yana duk kun zauna."

"Saboda aure."

"Saboda ke! A lokacin dangin Anwar mai neman aurenki sun fara tambayar asalinmu. Rufa miki asiri muka yi, marar godiya."

Dariya ta kuɓuce min, irin wadda ba ta da daɗi.

"Ina Anwar ɗin yanzu, Gwaggo? Ba shi ne uwarsa ta ce ba za su haɗa iri da gidan da ba a iya tsaron yara ba? Matarsa har ta kusa haihuwa. Wa ya roƙe ki ki rufa min asiri? Na ce miki miji nake nema ko ƙanwata?"

"Kar ki ɗaga min murya."

"Zan ɗaga. Kina zaune a nan na dawo daga ɗakin gawa ina amai, ke kika miƙo min ruwa. Kika ce in yi haƙuri. Na ajiye karatu zango guda ina yawo da hotonta tasha-tasha, 'yan kamasho suna min dariya. Aka ce na bushe, aka ce ba ni da imani, na shanye. Ashe kin san ƙauyen, kin san gidan, kin san ɗakin."

Umma na zaune a ƙasa har lokacin. Sai ta ɗago.

"Yaya Kande."

"Na'am."

"Da aka yi saukar Alƙur'ani a gidan nan, ke kika dafa wainar sadaka."

Gwaggo ta kau da kai.

"Kika ce in yafe mata, wataƙila ta riga mu gidan gaskiya."

"Don ki samu ki ci abinci na faɗa."

"Ɗaure ta ake yi?"

Gwaggo ta jawo farantin zogale.

"Yaya Kande, 'yata a mari take?"

"Sai in abin ya motsa," in ji Gwaggo.

Umma ta sa fuskarta cikin hijabin da na ajiye a gefenta. Ba ta yi ƙara ba. Kafaɗunta kawai ke motsi.

Aka ƙwanƙwasa ƙyaure.

"Wa ya sa sakata da rana tsaka?"

Baba ne, ya dawo daga sallar la'asar. Talatu ta je ta buɗe. Ya shigo da carbi a hannu, yana faɗan su waye waɗannan da suka tare masa ƙofar gida da mota. Sai ya ga Talatu. Ya ga Umma a ƙasa. Ya ga fuskar yayarsa.

Carbin ya tsaya.

"Baba," na ce, "sannu da dawowa. Ya mutanen Baure?"

Ya nuna min ƙofar ɗaki da carbin.

"Amatu, shiga ɗaki mu yi magana."

"A nan za mu yi. Umma ma tana da kunne."

"Ni ubanki ne."

"Ita ma."

Ya nemi turmi ya zauna a kai, abin da ban taɓa gani ba. Ya cire hula ya riƙe.

"Wata biyu aka ce min," ya ce. "Aka ce wata biyu za ta warware, mu ce an tsince ta a Kano. Wata biyu ya wuce, aka ce a ƙara. Kullum in na je sai in ga kamar da sauƙi, sai kuma in ga babu. Daga baya na rasa ta inda zan fara faɗa."

"Kasuwar shanun da kake zuwa ke nan."

Ya gyaɗa kai.

"Ɗantsoho fa?" in ji Talatu. "Malam, an fasa masa kai yau saboda ya riƙe maka amana."

"Zan je in same shi."

"Ba samunsa nake so ba. Masallaci za ka shiga ka faɗa, inda ka yi cigiyar."

Gwaggo ta zabura. "A masallaci? Ki kashe mu kawai ki huta!"

"Ke dai yi shiru, Yaya," in ji Baba. Ita ma ranar ta fara jin wannan.

Na ce, "Yaushe rabonka da ita?"

Ya murza hular.

"Tun kafin masu fim ɗin nan su zo."

"Tun farkon damina ke nan! Gero har ya fitar da kai, Baba!"

"Bin mutane suke da kyamara, Amatu. Na ji tsoron su biyo ni."

"Waya fa?"

"Ya kira. Ban ɗauka ba. An ce hukuma na iya sauraron waya."

Na rufe ido. Na ce a raina, ya Allah ka riƙe min harshena, mahaifina ne.

"Kira shi."

"Bari gobe da safe in shirya in..."

"Yanzu. Ka sa a bayyane kowa ya ji. Ka ce masa ya kwance ta, ya ba ta ruwa ta yi wanka, ga yayarta nan zuwa kafin magariba. Daga can asibiti za mu wuce. Wanda zai fasa auren 'yar gidan nan ya fasa tun yau, na yafe."

"Ki ji ta fa," in ji Gwaggo. "Ta yafe. Nawa 'ya'yan fa?"

Ko kallonta ban yi ba.

Baba ya laluba aljihu ya ciro wayar. Yatsansa ya kasa samun lambar sai da na karɓa. Ba da sunan Malam Hamma ya ajiye ta ba. "Mai Dusa" ya rubuta.

Na danna. Na riƙe ta a tsakiyarmu.

Ta yi ƙara har ta kusa tsinkewa.

"Salamu alaikum," wata murya ta dattijo, da kukan awaki a bayanta. "Alhaji? Ikon Allah! Sai yau?"

"Malam, a yi haƙuri," in ji Baba. "Abubuwa ne suka..."

"Ai ni na yi fushi. Na kira, na kira, har na gaji. Ka jefa ni cikin masifa ka kashe waya. Matata aka nuna wa fim a gidan biki, ta dawo tana salati, ta ce ga yarinyar ɗakin baya can a waya, an ce sace ta aka yi, 'yan sanda na nema. Alhaji, ni da sata? Shekara nawa ina wannan aiki ba a taɓa kawo min hukuma ƙofar gida ba."

Na matso da bakina.

"Malam, yayarta ce, Amatullah. Ba ruwanmu da wannan yanzu. Don Allah ka ba ta wayar in ji muryarta."

"Wa?"

"Khairunnisa."

Awakin suka ci gaba da kuka.

"Malam?"

"Yarinya, wace irin magana ce wannan? Ai tun ranar da na ji labarin fim ɗin ban bari ta sake kwana a gidana ba. Na cire mata mari da hannuna, na kai ta bakin titi, na sa ta a motar Daura. Na ce wa direba 'yar gari ce, ta san gida."

Umma ta miƙe tsaye.

"Yaushe?" na ce. "Malam, yaushe?"

"An yi kasuwa uku ko huɗu." Muryarsa ta canza. "Tsaya. Alhaji... ba ta iso ba?"